Baƙo Mai Ilimin Kwamfuta a Kano: Ta Ina Zai Fara Neman Aiki?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da akawuna da makanikai da masu buga wayar tangarahu, daga Legas da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Su ne ƙwararrun sadarwa na wancan zamani, kuma saboda su da ire-irensu aka yanka Sabon Gari a 1913, a bayan ganuwa, kusa da tasha. Fagge kuwa tun zamanin ayari masaukin Buzaye ce da sauran fatake. Don haka idan yau matashi daga Maraɗi ko Damagaram, ko ɗan Sudan da yaƙin 2023 ya koro, ya sauka a wannan yanki da kwamfuta a jaka, bai zo da baƙon abu ba. Sai dai na da galibi da aikinsu a hannu suka sauka, na yau kuwa sai ya nema.

Kafin a yi zancen aiki sai an yi na takarda, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS yana shigowa Najeriya ba biza, ya zauna har kwana 90, bisa yarjejeniyar 1979. Wannan izinin ziyara ne. Mai son zama ya yi aiki sai ya je Hukumar Shige da Fice ya nemi katin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da bai wa 'yan ƙasashen uku damar shiga da zama kamar da, har sai ta sake sanarwa. Alfarma ce ta wucin gadi, saboda haka ɗan Nijar kada ya dogara da cewa yana jin Hausa, ba mai tambayarsa. A kasuwa ba mai tambaya. Ranar buɗe asusun banki ko sa hannu a takardar ɗaukar aiki za a tambaya.

Wanda ya fito daga Sudan ko Chadi ko Indiya, tasa hanyar ta fi tsawo. Ba shi ke neman izinin aiki ba, kamfani ne ke nema masa. Sai kamfanin ya sami kason ɗaukar baƙin ma'aikata daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, tare da alkawarin ajiye 'yan ƙasa su koyi aikin a ƙarƙashin baƙon. Da wannan ake ba da bizar STR, in ya iso a yi masa katin zama na CERPAC, wanda da dala aka ƙayyade kuɗinsa, kuma ba kuɗi kaɗan ba ne. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar ba zai ɗauki wannan nauyi ba, komai ƙwarewarka. Duk wanda ya ce ka shigo da bizar ziyara, za a gyara daga baya, ka yi hattara da shi.

Da katin zama a hannu ake yin lambar NIN, wadda mazaunin ƙasa ba ya samun layin waya sai da ita. Digirin waje kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance shi, in da Faransanci ko Larabci yake sai an fassara. Akwai kuma CPN, majalisar da aka kafa a 1993 don rajistar masu sana'ar kwamfuta. Manyan wurare sun fi damuwa da ita fiye da ƙanana.

To ina aikin yake? Gaskiya Kano ba Legas ba ce, kamfanonin da sana'arsu ita ce rubuta manhaja ba su da yawa. Akwai irin su eHealth Africa, wadda ta daɗe tana aikin bayanan lafiya da taswira a Kano. Cibiyoyi irin su CITAD da Startup Kano kuma, ko ba su ɗauke ka ba, a tarukansu za ka ji inda ake nema. Amma aikin da ya fi yawa ba a tallata shi. Yana wajen mai sito a Singa ko Kantin Kwari da ke son a haɗa masa manhajar lissafin kaya, da asibitin kuɗi mai son ajiye bayanan marasa lafiya, da makarantar da ke son a shimfiɗa mata intanet da kyamarori.

Irin wannan aiki ba takardar tarihin karatu ke kawo shi ba. Ka shiga shago a titin Beirut ko kasuwar waya ta Farm Centre ka ce ka iya, ba wanda zai buɗe fayil ɗinka. Za a turo maka kwamfutar da ta ƙi tashi a ce, "Bismillah, mu gani." In ka tashe ta, tambaya ta gaba ita ce, "Wa ya turo ka? Wa zai tsaya maka?" Ofisoshi ma suna ba da takardar mai tsaya wa mutum a cike. A da, fatake a Fagge ba sa ciniki sai ta hannun maigidan da suka sauka wurinsa, kuma a ganina wannan bai sauya ba: baƙo ya fara neman dattijon garinsu da ya daɗe a Kano kafin ya fara yawon ofisoshi.

Ɗan Nijar yana da matsala guda da ribarta guda. Ya saba da allon rubutun Faransa, inda A ke zaune a gurbin Q, kuma duk sunayen kayan aiki da Faransanci ya koye su. Ranar gwaji sai a ga yana lalube alhali ya san aikin. Ya zauna ya saba da na Ingilishi tukuna. Ribar kuwa, ana gina layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Portugal ke aikin. Mai Hausa da Faransanci da Ingilishi, ga kwamfuta, 'yan kasuwar da ke hulɗa da ƙetaren iyaka suna buƙatarsa tun yanzu.

Wajen albashi, ka yi lissafi da kuɗin da za ka aika gida. Naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, albashin da ya yi kauri a Kano in an juya shi sefa sai ya ƙanƙance. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar naira 70,000 ne tun 2024. Mai niyyar zama a Kano yana yi wa kamfanin waje aiki ta intanet kuma ya sa kuɗin sola da na data a lissafinsa tun kafin ya kama ɗaki.