Gyaran Gida Ana Cikinsa: Darasi Daga Hausawan Jazira Da Shuɗin Nilu

'Yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa filinmu na zaman iyali zai kai mu gabas, ƙasar Sudan, wajen 'yan'uwanmu Hausawa mazauna ƙauyukan Jazira da bakin kogin Shuɗin Nilu. Abin da za mu duba kuwa kowane magidanci ya san shi: gida ya tsufa, bango ya tsage, rufi yana yoyo, kuɗin ɗauko magini bai samu ba, wurin da za a kai iyali kafin a gama aiki ma babu. Sai miji da mata su zage damtse su yi gyaran da hannunsu, suna kwana suna tashi a cikin gidan. Yadda ake bi da wannan aiki a can yana da abin koyi ga mai gidan ƙasa a Maraɗi ko Damagaram, har da mai gidan bulo a Yamai ko Kano.

Yadda aka yi suka je can

Tun zamanin da, hanyar hajji ta ƙasa takan ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kordofan kafin a isa bakin Bahar Maliya. Mahajjaci yakan yada zango ya yi noma ko ƙodago don ya tara guzuri, wani tafiyar ta ci shekaru, wani kuma zama ya kama shi a hanya. Babbar ƙaurar da aka fi tunawa da ita ta faru ne a 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, inda garin Maiurno yake har yau.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun auduga na Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wanda daga baya ya zarce fedan miliyan 2. Gandun ya bukaci hannaye masu yawa, sai Hausawa da Fulani da Barebari suka yi ta kafa ƙauyuka da unguwanni daga Wad Madani har zuwa Damazin da Rusairis. Jikokinsu 'yan ƙasar Sudan ne, suna jin Larabci kamar kowa, amma a gidaje da yawa Hausa ake yi har yau.

Ƙasar da take ba da abinci tana cin bango

Albarkar Jazira ita ce baƙar lakarta, ita ce kuma ciwon kan mai gini. Idan damina ta sauka, wadda suke kira harif, lakar takan sha ruwa ta kumbura. Idan rani ya yi sai ta bushe ta dare. Bangon da ke tsaye a kanta kullum cikin motsi yake, shi ya sa tsaguwa takan kama shi daga tushe ta haura sama.

Ginin talaka a can shi ne jalus, wato a kwaɓa laka a ɗora ta sahu-sahu, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Mai ɗan hali yakan sayi jan bulo da ake gasawa a bakin kogi. Abin da makuba take yi wa soro a ƙasar Hausa, a can zibala ce take yinsa: kashin dabbobi da aka jiƙa ya ruɓa, a gauraya shi da laka a yaɓe bango da rufi kafin ruwan farko. Wanda ya yi sakacin yaɓe shekara ɗaya, damina za ta tuna masa.

A 2020 ambaliya ta rushe ko ta lalata gidaje fiye da 100,000 a faɗin Sudan, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata 3 a watan Satumba. A 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya raba Hausawa da yawa da muhallinsu. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, sojojin gwamnati suka sake shigarta a Janairun 2025. Iyalai da dama da suka koma gida sun tarar an kwashe kaya, wasu har ƙofofi da tagogi an cire. Ga irin waɗannan bayin Allah, gyaran gida ana cikinsa ya zama dole.

Ɗaki ɗaya bayan ɗaya

Mu ɗauki misalin gida mai ɗaki biyu da rumfa, wadda suke kira rakuba, da madafi da banɗaki, katanga ta kewaye su. Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Aikin laka yana son rani, bayan an girbe dawa, kuɗin amfanin gona ko na tsinkar auduga sun shigo hannu. Tilas kuma a rufe komai kafin watan Yuni, lokacin da guguwar habub take fara tasowa, ruwa yana biye da ita.

Na biyu, ba a buɗe rufin ɗaki biyu a lokaci guda. Iyali sukan tattara su koma ɗaki ɗaya, a fitar da gadajen angareb na igiya zuwa rakuba, tun da kwanan tsakar gida da rani al'ada ce a can. Sai an gama ɗakin farko ya bushe sarai, sannan a koma cikinsa a taɓa na biyu. Wanda zumuɗi ya sa ya rushe gida gaba ɗaya, idan kuɗi suka yanke ko ciwo ya zo, a fili zai bar iyalinsa.

Na uku shi ne sanin abin da ya kamata a gabatar. Katanga da banɗaki su ne farko, domin da su ne suturar gida take tabbata. Daga nan sai gindin bango: a cike shi da ƙasa, a yi masa gangare yadda ruwa zai gudu ya bar tushe. Sai rufi: a duba itatuwan da gara ta ci a canza su, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da jikin gini. Farar ƙasa da fenti da labule su ne na ƙarshe. Tsaguwar da aka rufe da fenti ba tare da an gyara tushe ba, baɗi war haka za ta dawo ta fi da girma.

Akwai kuma tsaron rai. Ramin da aka haƙa don ɗiban laka a nisanta yara da shi, a cike shi kafin damina, kada ya zama tarkon ƙananan yara da matattarar sauro. Kada kowa ya kwana a gindin bangon da aka fara sassaƙewa. A gidajen da yaƙi ya ratsa kuma, duk baƙon ƙarfen da aka gani a cikin ɓaraguzai kada a taɓa shi, a sanar da hukuma.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kwaɓa laka da ɗora bango da hawa rufi aikin maigida ne da samarin gida. Shafen ciki da daɓen ƙasa kuwa tun a ƙasar Hausa mata suka fi ƙwarewa a kansu. Amma gudummawar uwargida ta wuce wannan. Ita ce take wuni a gidan. Ita ta san kusurwar da ruwa yake kwanciya, da inda hayaƙin murhu yake komawa ɗaki, da ƙofar da mai wucewa yake hango tsakar gida ta cikinta. Idan ta ce, “Malam, da ka matsar da ƙofar nan gefe, don duk wanda ya tsaya a waje yana ganinmu,” shawara ce ta wadda ta san wurin. Maigidan da ya ce, “To, nuna mini inda kike ganin ya fi,” ya huta da rushe aikin da ya riga ya yi. Tun ran gini ran zane.

Ta fuskar kuɗi ma hannunta yana ciki. Abin da muke kira adashi, a Sudan sanduƙ suke ce masa, kuma kwasar mace ɗaya takan sayi ƙofa ko 'yan fallayen kwano. A nan akwai hukuncin da ya kamata mu tuna. Samar da muhalli wajibi ne a kan miji, dukiyar mace kuma tata ce. In ta bayar da daɗin rai, Allah Ya saka mata. In kuwa rance ne, a faɗa a fili, a rubuta, a sa shaidu. Rigingimun gado da na rabuwar aure da yawa sun samo asali ne daga kwanon da mace ta saya ba a taɓa ambata ko na wane ne ba.

Ranar ɗora rufi kuwa akan kira nafir, wato gayya. Maƙwabta da dangi su zo da hannayensu, masu gida su yi abinci da shayi, aikin mako ya ƙare a wuni guda. Wanda aka yi wa yau, shi ma gobe zai je. A irin wannan rana maigida ne zai tsara inda mata za su zauna da hanyar da maza za su bi, don taimako kada ya keta hurumin gida.

Inda haƙuri yake shan gwaji

Wahalar gyaran gida ana cikinsa ba ta tsaya ga jiki ba. Ƙura tana faɗawa cikin tuwo, kayan ɗaki suna jibge a rana, yara da iyaye sun cunkushe wuri ɗaya, miji ya gaji, mata ta gaji. A nan ne ƙaramar magana take zama babba, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Magani shi ne a yi yarjejeniya tun kafin a ɗaga fartanya: nawa za a kashe, a ina za a tsaya bana, me za a bari sai baɗi. A keɓe wuri mai tsabta na salla da karatun yara wanda aiki ba zai taɓa shi ba. A raba shimfiɗar yaran da suka tasa, ko da da zana ne ko labule. A guji bashin ruwa, domin ɗaki ɗaya na halal ya fi soraye a kan riba.

Muna da abin koyi mafi girma. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki tubali tare da sahabbansa wajen ginin masallacin Madina, ɗakunan iyalinsa kuma da tubalin laka da rassan dabino aka yi su. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa yakan yi wa iyalinsa hidima a cikin gida. Saboda haka babu ƙasƙanci ga magidanci ya shiga laka har gwiwa don ya rufa wa iyalinsa asiri.

Kafin mu rufe, kada mu manta da mazauna kanabi, wato sansanonin leburorin gandun Jazira. Da yawansu iyaye da kakanni a nan aka haife su, amma ba su da takardar mallakar filin da suke kai, ga ƙarancin ruwan sha da makaranta da asibiti. Mutumin da bai da tabbacin fili yana tsoron sa jan bulo ko siminti, sai ya yi ta maimaita yaɓe kowace shekara. Mu da Allah Ya hore wa fili da takarda, sai mu gode Masa, mu duba bangonmu da rufinmu tun rani bai wuce ba, mu kuma tambayi maƙwabcin da ba ya da ƙarfi ko yana bukatar hannu.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da kowane mai gudun hijira ɗakinsa, Ya sanya albarka da natsuwa a gidajenmu baki ɗaya. Amin.