FILIN MANOMA: Ruwa Ba Ya Hawa Tudu Sai Da Tura

Duk wanda ya taɓa jan jigo a lambu ya san ruwa kaya ne mai nauyi. Garwa guda galan huɗu ce, watau wajen lita 18, ɗan ga-ruwa kuwa in ya rataya biyu sai ya yi nishi. To, ruwan famfon da mutanen Birnin Kano ke sha, daga kwari ya ke fitowa, shi kuwa birni yana bisa. Ƙazantar gari ita ba ta bukatar mai ɗauka, da kanta ta ke gangarawa, har ta isa lambunan da ke bakin Jakara. Saboda haka ya kamata manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci su san yadda abin ke tafiya.

Da can mutanen birni rijiyoyi da kududdufai su ka dogara gare su. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta fitar da kuɗi daga Baitulmali aka gina gidan ruwa a bakin kogin Calawa, wajen Fanshekara. An soma aiki da shi a farkon shekarun 1930, aka shirya shi don ya ba da lita miliyan 20 kowace rana, watau fiye da garwa miliyan guda. Da gari ya bunƙasa aka ƙara na biyu a 1974, na uku a 1992, aka kuma gina wani a Tamburawa, kan hanyar Zariya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa da ke ƙasar Ƙaraye ta 1992 su ke tare ruwan damina, a riƙa sakinsa da rani.

Ga yadda aikin ya ke. Injunan farko suna can ƙasa, dab da kogi. Su ne ke ɗebo ruwa su kai shi manyan kwatarniyoyi na siminti, inda a ke zuba alam don laka ta kwanta. Sa'an nan a tace shi da yashi, a sa masa maganin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan injuna na biyu, waɗanda su ka fi ƙarfi, su tura shi cikin manyan bututu tafiyar mil da yawa, har ya hau tankin da ke bisa Goron Dutse. Daga kan dutsen ba a bukatar inji kuma, nauyin ruwan shi ke gangaro da shi unguwa-unguwa.

Me ya sa a ke ajiye injin farko can ƙasa? Dalili shi ne inji gwanin tura ne, amma rago ne wajen zuƙa. Iskar da ke danne fuskar ruwa ita ke cusa shi cikin mesa, ƙarfinta kuwa ba ya wuce ɗaga ruwa ƙafa 34, watau wajen mita 10. A wurin aiki ma da ƙyar a kan sami ƙafa 25. Manomin fadama ya riƙe wannan. In rani ya yi nisa, ruwa ya ja ƙasa, injinsa na kuka amma ba ya fitar da kome, sau da yawa ba lalacewa ya yi ba. Ya haƙa rami ya saukar da injin kusa da ruwan tukuna, kafin ya kai wa makanike kuɗinsa. Ya cika cikin injin da ruwa kafin ya tayar, ya duba kada mesa ta sha iska, ya kuma ɗaura raga a bakinta, domin yashi shi ke cinye farfela. A kowane gidan ruwa na kirki a kan ajiye inji guda yana hutu, don ranar da ɗan'uwansa ya tsaya. Manoma maƙwabta ma suna iya haɗa kuɗi su yi haka.

Ruwan sama da ruwan wanke-wanke kuwa hanyarsu dabam. A ƙasar Holan, inda filaye da yawa ke ƙasa da teku, sai da injuna a ke fitar da ruwan sama. Kano Allah ya ba ta gangare. Cikin ganuwa babu babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje. Kwatar kowane gida lambatu ta ke faɗawa, lambatu ya kai kududdufi ko Jakara, ita kuma ta ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi ta fita bayan gari, ta nufi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Kududdufai, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, su ke riƙe ruwa in an yi kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini. Ruwan da ya rasa mazauni sai ya shiga gidaje, ya jiƙa gindin katanga ta faɗi. In ya taru a kwarin da ba shi da mafita, ba magani sai inji, shi kuwa injin ruwan datti ba ya jure leda da tsumma, sai an kafa masa raga ana kwashe shara.

Inda hanyoyin nan biyu su ka haɗu, nan haɗarin ya ke. A lungunan birni ƙananan bututun famfo sau da yawa cikin lambatu su ke bi. Muddin injuna na turawa, bututu na cike, ko da ya tsage ruwa ne ke fita. Amma ran da wutar lantarki ta ɗauke, injuna su ka tsaya, bututu ya zama fanko, sai ruwan lambatu ya kutsa ta tsaguwar nan. In ruwa ya dawo, ƙazantar ce ke fara isowa randa. Ta haka amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga gida. Mai gidan da ya ɗaura ƙaramin inji kai tsaye a bututun gari don ya rigaya maƙwabta, ƙara zuƙo dattin ya ke yi. Abin da ya dace shi ne a ɗaga bututu daga cikin lambatu, a gyara inda ya tsage, a bar ruwan farko ya zube, na sha kuwa a tafasa.

Manoman da ke ban ruwa da Jakara, kamar na wajen Kwakwaci, da ita su ke ci da iyalinsu, latas da kabeji da alayyafonsu kuwa birni su ke komawa. Ruwan yana da taki, amma yana ɗauke da cuta. Manomi ya haƙa ɗan tafki ya tara ruwan ya kwana, datti ya kwanta, sa'an nan ya ja na sama. Ya bi da shi ta kwari tsakanin kunyoyi, kada ya watsa bisa ganye. Ya daina ban ruwa 'yan kwanaki kafin ya yanka, domin rana na kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Mai sayarwa kada ya wanke ganye a rafin, mai saye kuwa ya wanke da ruwa mai tsabta kafin a ci.

Rigakafi ya fi magani. Kafin damina ta kankama, kowace unguwa ta yi gayya ta yashe lambatunta, mai lambu kuma ya kwance injinsa ya duba farfela tun bai shiga aikin rani ba.