Kuɗin Jan Ƙarfe Na Ƙasar Holan Da Dangantakarsu Da Wuri A Ƙasar Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna abin da ya hana kuɗin jan ƙarfe na Holan isowa kasuwannin Zazzau, alhali kuwa fataken ƙasar suna da hannu dumu-dumu a cikin kuɗin da kakanninmu suka kashe.

Mafi ƙanƙanta daga cikin kuɗin da aka fi kashewa a Holan shi ne wanda suke kira duit. Guda takwas ne ke yin stuiver ɗaya, guda 160 kuma su yi gilda ɗaya. To amma a tsibirin Jaba, inda kamfanin cinikinsu na Gabas, wato VOC, wanda aka kafa a 1602, ya yi kaka-gida, ƙarancin canji ya sa guda huɗu kacal ke yin stuiver. Ganin wannan riba sai ma'aikatan jiragen ruwa suka shiga fasa-ƙwaurinsa. Don haka daga 1726 aka riƙa buga wa kamfanin nasa na musamman, mai ɗauke da tambarinsa, a garuruwa irin su Dordrecht da Middelburg. Har yau duit na nufin kuɗi a harshen Malay.

A nan ya kamata mu lura, ɗan kasuwa ba ya kawo sai abin da za a karɓa. Afirka ta Yamma wuri ta sani. Saboda haka kamfanin ya riƙa sayen wuri na tsibiran Maldib ta hanyar Silon, wato Sri Lanka ta yau, ya kai Amsterdam a yi gwanjonsa. Masu cinikin bayi su saya, su sauke shi a tashoshi irin su Wida, su karɓi 'yan Adam a madadinsa. Daga bakin teku fatake ke haurowa da shi arewa. A ganina, duk wanda zai rubuta tarihin kuɗinmu ya tsallake wannan mataki, bai yi wa tarihin adalci ba.

Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke yin liyari ɗaya, keso kuwa wuri 20,000 ne. Turawan Ingila sun hana shigo da wuri a 1904, anini ya fito a 1907, kuma da irin waɗannan sababbin kuɗi kasuwar Sabon Garin Zariya ta buɗe ido bayan zuwan jirgin ƙasa. Ko kalmar kwabo ma daga sunan jan ƙarfe a Ingilishi muka aro ta, ita kuwa kalmar kuɗi tun asali jam'in wuri ce.