YADDA AKA ZANA BAREWAR DA TA YI TAFIYA A MAJIGI

A kwanakin baya mun kai ɗalibanmu masu koyon aikin malanta wata makarantar firamare a Kalambaina, watau garin nan na gefen birnin Sakkwato inda masana'antar siminti ta fara aiki a 1967, domin su gwada koyarwa. Ɗaya daga cikinsu ya ba yaran aji biyar tatsuniyar barewa, sa'an nan ya ce kowa ya zana ta a littafinsa. Da muka bi layi muna dubawa, sai muka tarar kusan dukansu abu ɗaya suka zana: dabba mai manyan idanu, da ɗigo-ɗigon fari a gadon baya, waɗansu har da ƙaho mai rassa kamar itace. Ba laifinsu ba ne, gama abin da malamin ya zana musu a allo ke nan, shi kuwa daga wayarsa ya kwaikwayo.

Da aka tashi, wani tsoho mai gadin makarantar, wanda ya yi farauta da ƙuruciyarsa, ya tsaya yana kallon allon. Muka ce, "Baba, yaya ka gani?" Ya ce zane kam ya yi kyau, amma shi bai taɓa gamuwa da wannan dabba a dajin Sakkwato ba. Ya kuwa yi gaskiya. Abin da ke allon nan Bambi ne, ɗan barewar Amurka na wasan majigin zane wanda kamfanin Walt Disney ya fitar a 1942. Kama da wane ba ta wane.

To, ya kamata malamai su ji yadda aka yi wannan Bambi, domin waɗanda suka yi shi ba hoton wani suka kwaikwaya ba.

Asalin labarin littafi ne wanda Felix Salten, mutumin Ostiriya, ya buga a 1923. Barewar littafin ta Turai ce, amma masu majigin suka ɗauki tasu ta Amurka mai farar wutsiya, wadda mutanensu suka sani. Dā ma sun taɓa zana barewa cikin wasan Snow White na 1937, amma su da kansu ba su gamsu da ita ba, don ta fito kamar buhun gari mai ƙafafu, ba alamar ƙashi a jikinta. Saboda haka a wannan karo suka koma makaranta.

Da farko, wani mai zane, Maurice Day, ya shiga dazuzzukan jiharsu ta Maine ya ɗauko hotunan itatuwa da ciyayi da ƙoramu. Daga can kuma aka aiko da 'ya'yan barewa biyu masu rai, aka yi musu shinge kusa da ma'aikatar, masu zane suna kallon yadda suke kwanciya da tashi da tsalle, har suka girma ɗigon bayansu ya ɓace. Na biyu, aka kira Rico Lebrun, gwanin zanen dabbobi haifaffen Italiya, ya koya musu ginin jiki. Ya samo mushen barewa yana feɗe shi kaɗan kaɗan, daga fata zuwa nama har ƙashi, ana zana kowane mataki, har wari ya kori yawancin ɗalibansa.

Sai da suka san gaskiyar dabbar sarai sa'an nan suka fara sāke ta. Idanun barewa a gefen kai suke, bakinta dogo ne, fuskarta ba ta nuna murna ko baƙin ciki. Marc Davis ya duba hotunan fuskokin jarirai, ya rage tsawon bakin, ya ƙara girman goshi da idanu, amma ƙafafu da gaɓoɓi aka bar su bisa ga halitta. Dajin kuma, da aka zana shi da kowane ganye sai barewar ta ɓace a ciki. Tyrus Wong, haifaffen ƙasar Sin, ya bi hanyar masu zanen ƙasarsu na dā, ya rage ganyen, ya bar hazo da inuwa, dabbar ta fito fili. Ƙahon uban Bambi kuwa ya gagari hannu, don in kai ya juya rassan sukan rikice. Sai aka ƙera ƙahon, aka ɗauki hotonsa ta kowace fuska, aka bi layinsa.

Me ya sa duk wannan wahala? Majigi yana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, watau 1,440 a minti. Wasan Bambi kusan minti 70 ne, hotunan da ke wucewa gaban mai kallo sun kai wajen 100,000 ke nan. Kuskuren da zai ɓuya a zane ɗaya ba ya ɓuya in dabba ta fara tafiya. Ido kuma yakan yaudari mai shi. Shekaru aru-aru masu zane a Turai suna zana doki a guje da ƙafafu a miƙe gaba da baya, sai a 1878 Eadweard Muybridge ya jera na'urorin ɗaukar hoto 12 a Kalifoniya, ya nuna cewa lokacin da ƙafafun huɗu suka bar ƙasa, a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Yanzu mu dawo gida. Barewa mai ƙaho mai rassa, wadda ke zubar da ƙahonta kowace shekara wani ya tsiro, babu ita a Nijeriya. A duk Afirka ma sai a duwatsun Atlas can arewa. Tamu barewar ja ce, cikinta fari, da siririn baƙin ratsi a haƙarƙari. Ƙahonta ba shi da reshe, yana da zobe-zobe, ba ya zuba, namiji da tamata duk suna da shi. Ɗanta kuma ba shi da ɗigo. Farauta da faɗaɗa gonaki sun rage ta ƙwarai, har masana sun sa ta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. In yaranmu suka tashi ba su san kamanninta ba sai na baƙuwa, ranar da ta ƙare ba wanda zai san an yi hasara.

Ga abin da muka sa ɗalibanmu suka yi a mako na biyu, ba kuwa da kashe kuɗi ba. Aka aro jar akuya ta Sakkwato aka ɗaure a inuwa, gama ginin ƙafarta kusan ɗaya ne da na barewa. Yara suka lura cewa abin da suke zato gwiwar baya ce mai lanƙwasa a juye, ashe diddige ne. Gwiwar tana sama kusa da ciki, dabbar bisa yatsunta take tafiya. Aka karɓo ƙashin ƙafa wurin mahauta suka taɓa da hannu. Aka ja akuyar a hankali suna ƙirga taku: ƙafar baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, ta gaba ta dama. Aka nemo hotunan barewar ƙasarmu ta gaskiya, tsoho mai gadi kuma ya gyara musu tsawon wuya da tsayin kunne. Daga bisani kowa ya zana ta sau 12 a kusurwar shafukan tsohon littafi, kowane zane ƙafa ta ɗan gusa. Da aka kaɗa shafukan da babban yatsa, sai ga barewa tana tafiya. Ihun da yaran suka yi har ajin kusa aka ji.

Ba muna cewa kowane yaro zai zama mai zanen majigi ba. Amma wanda ya koyi duba abu da idonsa kafin ya sa alƙalami, in ya zama akawu ba zai kwafi lissafin da bai bincika ba, in ya zama malamin asibiti ko na gona zai ga abin da ke gabansa. Saboda haka muna roƙon malamai, in za a zana dabba, a fara fita da yara waje a dube ta, a tambayi tsofaffin gari, hoto ya zo daga baya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: in malami ya saba da dubawa, almajiransa ma haka za su tashi.