Karatun Littafi Mai Tsarki A Tsakar Gida A Ƙasar Kagoma

Mutane da yawa sun san Fadan Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, saboda 'ya'yanta biyu da suka yi suna, watau marigayi Patrick Yakowa, wanda ya yi Gwamnan Kaduna daga 2010 har rasuwarsa cikin 2012, da marigayi Joseph Bagobiri, Bishop na farko na Katolika a Kafanchan tun 1995. Amma akwai abin da baƙo ba ya gani sai ya kwana a ƙasar, shi ne ɗan taron da Kirista kan yi da maraice a gidan ɗayansu, su yi karatun Littafi Mai Tsarki.

Abin yana da asali. 'Yan mishan na S.I.M. sun sauka a Kwoi cikin 1910, daga baya suka zauna a Kagoro, amma ba su da yawan da za su kai kowane ƙauye. To, da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa cikin 1932, sai ya zama duk wanda ya iya karatu shi ne malamin maƙwabtansa. Bayan samun mulkin kai kuma ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda Gerald Swank na makarantar Kagoro yana cikin waɗanda suka kafa ta, ta aza aikinta a kan ƙananan tarukan addu'a na gida-gida.

Amfaninsa a fili yake. Ran Lahadi fasto ke magana, ɗaruruwa na saurare, ba mai tsayad da shi. A tsakar gida kuwa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba tana iya cewa a dakata, a maimaita mata ayar, a kuma fassara mata da harshen Gwong, tun da Hausar littafi ba ita ce ta kasuwa ba. Yaron da aka miƙa wa littafin ya karanta, nan yake koyon buɗe baki gaban manya. Nan kuma ake jin wanda ciwo ya kwantar, da wanda aka koro 'ya'yansa don kuɗin makaranta. Cikin 2023, da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna, magidancin da ke jin kunyar faɗin asararsa a majami'a ya fi iya faɗinta gaban mutum goma da suka san gonarsa.

Amma fa karɓar baƙi ba wasa ba ne, kuma nauyin a kan uwargida yake faɗuwa: shara, aron benci, dama kunu. Shi ya sa ya fi kyau a riƙa zagayawa gida-gida, kada matalauci ya ji cewa sai mai hali ake zuwa wa. Wani haɗarin kuma shi ne mai zaƙin baki ya mamaye taron, ya mai da shi majami'ar kansa. Maganin da ikilisiyoyi kan yi shi ne su sa dattijo ko katikis ya zauna a ciki, ya kai wa fasto ko fada duk tambayar da ta gagari taron.