Jirgin Ƙasa da Tafiyar Kirsimeti

Layin dogo bai taɓa isowa birnin Sakkwato ba. Wanda aka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Domin haka iyayenmu masu zuwa gida bikin Kirsimeti sukan hau mota har Gusau, su kama jirgi zuwa Zariya, Kaduna ko Kafancan. A 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Nijar, shi ma bai biyo ta wajenmu ba.

Gida da nisa, kuɗin mota da yawa, ba kowa yake iya tafiya ba. 'Yan'uwa, bari mu nemi wanda ya rage shi kaɗai cikin ekklesiya, mu kira shi cin abincin biki. Ubangijinmu ma a baƙunci aka haife shi.