Tukunyar Gas a Gwarzo da Kabo: Tantance Sahihi Daga Ƙarya

Tun da itacen girki ya yi tsada, gawayi ya bi sahunsa, kananzir kuwa ya fi ƙarfin talaka, tukunyar gas ta fara shiga gidajen Gwarzo da Kabo, har ta sami mazauni a teburin mai shayi da cikin manyan motocin direbobin da ke kwana a hanya. Kuma kamar yadda al'ada ta gudana ga kowane baƙon abu, zantuka barkatai sun biyo ta, waɗansu sahihai, waɗansu raunana, waɗansu kuwa ƙanzon kurege ne tsantsa, alhali mas'ala ce da rai ke iya salwanta a cikinta, don haka tantance su ya zama wajibi.

Mafi yaɗuwa shi ne wai abincin da aka dafa da gas yana sa cuta. Wannan magana ba ta da hujja. Abin da ke cikin tukunyar garwaye ne na furofen da butan, waɗanda idan suka ci da shuɗin harshe ba sa barin komai a cikin tuwo ko miya. Hayaƙin itace shi ne likitoci suka tabbatar da illarsa ga ƙirji da idanun mata. Amma akwai gaskiya a gefen zancen: wutar da ta koma ruwan ɗorawa, a ɗakin da aka toshe ko a kan motar da direba ya rufe gilasanta saboda sanyin hunturu, tana fitar da wata guba marar wari, wadda kan ɗauke mutum yana barci.

Sai batun ɗuri, wanda a ganina nan ne jahilci ya fi yi mana ɓarna. Mutum ya girgiza tukunya, ya ji ruwa na motsi, ya yanke hukuncin cewa mai sayarwa ya ha'ince shi tunda bai cika ta maƙil ba, har ya dage sai an ƙara masa. Haƙiƙanin al'amari shi ne gas ruwa ne a cikin tukunya, ruwan kuma yana kumbura idan ya ji zafi, saboda haka ƙa'ida ta tanadi a bar kimanin kashi ɗaya cikin biyar babu komai. Wanda kuwa ya san bazarar ƙasar Kano, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane hikimar wannan sarari. Zargin tauye mudu, shi kam, ba za a kore shi baki ɗaya ba, domin a kowace sana'a akan sami marasa tsoron Allah. Sai dai alƙalinsa sikeli ne. Nauyin tukunyar kanta yana rubuce a jikinta. A auna kafin ɗuri, a auna bayansa, idan kilo 12.5 aka biya a ga kilo 12.5 ya ƙaru.

Waɗansu kuma na cewa gas ɗin da ya yi yoyo sama yake yi ya ɓace. Akasin haka ne. Ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa kamar ruwa a kwari, ya taru a lungun madafi yana jiran tartsatsi. Warin nan da ake ƙyama da gangan ake zuba masa shi, domin asalinsa ba shi da wari, don hanci ya faɗakar da mai gida. Idan an ji shi, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa, a kuma fita waje kafin a buga waya. Neman wurin yoyo da ashana kuwa ganganci ne. Ruwan sabulu ake shafa wa tiyo da mahaɗarsa, inda kumfa ta tashi nan ne ɓarakar take.

Cewa tukunya ba ta tsufa tunda ƙarfe ce, shi ma baɗili ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ƙayyade mata shekara 15, tsatsa da lotsewa kuma kan gajarta wa'adin, tiyo ma yakan tsage tun kafin nan. Kwantar da ita ko ɗumama ta kusa da wuta don a tatse ragowar gas haɗari ne bayyananne, domin kwantarwar kan kawo ruwan gas ɗin bakin mafita.

Saboda haka duk mai ɗauko tukunya daga Kano ko daga wurin ɗuri na kusa, a babur ne ko a mota, ya rufe kanta, ya ɗaure ta a tsaye, kada ya bar ta a rufaffiyar mota cikin rana, in ya isa gida kuma ya duba shekarar da aka ƙera ta kafin iyalinsa su ɗora girki.